Gangar Kawu da Kaset ɗin Masu Jita

Sana'ar da na fara yi da na tasa ita ce sayar da kaset. Rumfata tana bakin tashar mota a Gummi, ta kwano ce, tsakanin mai shayi da wani tsoho mai gyaran agogo. Ina da rikoda mai baki biyu da nake kwafa da ita, da lasifikar da nake ratayewa a jikin ginshiƙi, da batirin mota, don wutar gari ba a yi mata alkawari. Yawancin hajata wa'azi ne da karatu da waƙoƙin makaɗan ƙasarmu. Wasu ina sarowa daga Sakkwato, wasu kuwa ni nake ɗauka da kaina. In na ji ana biki ko gayya a wani ƙauye, sai in ɗaure rikoda a bayan keke in tafi, in samu gindin itace kusa da makaɗa in danna.

Wanda na fi ɗauka shi ne Kawu, yayan Inna. Makaɗin noma ne, yana zaune a wani ƙauye da ke kan hanyar Bukkuyum. Yana da gangar noma babba wadda ya gada, da mai kazagi, ƙaramar gangar da ke raka babbar, da 'yan amshi. Shi ba mutum ne mai yawan magana ba. A gida in ka gan shi yana gyaran igiyar akuya ba za ka ce shi ne mai sa ƙarti su manta da rana ba. Amma in ya shiga gona ya rataya gangar nan, sai ya zama wani mutum. Ba ya kallon ganga, ba ya kallon 'yan amshi, bayan manoma yake kallo. In ya ga galma ta fara nauyi a hannunsu sai ya ja kiɗan ya sassauta, ya shiga kiran kakannin kowa da gonakin da suka nome, har numfashi ya dawo musu. In ya ga wani ya ɗan wuce abokinsa a kunya, sai ya zuga na bayan da sunan uwarsa, ka ga mutum ya dunƙule kamar an watsa masa ruwa. Waƙa ɗaya takan kai daga hantsi har a kawo fura. Kaset ya ƙare, in juya, ya sake ƙarewa, shi bai ƙare ba.

Babban ɗansa shi ne jagoran amshi. Sa'ana ne, kuma da yake ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, tobasai muke, wasa tsakaninmu tun muna tsirara. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "bawa". Yana da murya mai zaƙi da tsawo, kuma hannunsa ya iya ganga tun kafin ya iya ɗaura wando. Kowa ya san shi zai gaji Kawu. Shi ma bai taɓa tunanin wani abu daban ba, har ranar da kaset ɗin nan ya zo.

Wani direba ne ya kawo mini, mai ɗaukar shinkafa zuwa bakin iyaka. Ya ce a can tsallake babu abin da ake ji sai shi, in saka in ji. A jikin kwalin akwai hoton wasu samari sanye da rawani da tabarau, biyu suna riƙe da jita mai amfani da wuta, ɗaya yana zaune bayan jerin ganguna da faya-fayen ƙarfe. Da Hausa suke waƙa, irin Hausar can. Ranar kasuwa ce, na saka a lasifika ba tare da na sa rai da komai ba.

Jita ce ta fara ita kaɗai, tana wani irin kuka mai ja, kamar mutum yana kiran wani daga ƙetaren gulbi. Sai tafi ya shigo. Sai gangunan suka faɗo da wani taki mai gudu, mai ɗingishi kaɗan, kamar sukuwar raƙumi, muryoyin kuma duka suka tashi tare, babu mai bayarwa babu mai amsawa. Ba su yabi kowa ba. Ba sarki, ba attajiri, ba manomi. Zancen tafiya suke, da kewar gida, da wata yarinya da aka bari a bakin rijiya. Kafin ka gama mamaki waƙar ta ƙara wuta, ta ƙara, ta tsaya cak.

Da na ɗaga kai sai na ga mai shayi ya tsaya da buta a sama. Samarin Fulani da suka kawo shanu kasuwa sun jingina da sandunansu a bakin rumfa. Wani ya ce in maido. Na maido. Ranar ban saka wani abu ba har aka tashi kasuwa, kuma tun daga ranar rikodata ba ta huta ba. Ba mu iya faɗin sunan ƙungiyar daidai ba, sai muka riƙa ce musu masu jita, sunan ya bi su a duk ƙasar.

Ni ma na so su, kuma har yau ina son su. Kiɗa ne mai kyau. Akwai wata waƙarsu da in na ji ta ko yanzu sai na ajiye abin da nake yi na saurara.

Tobashina ya zo Gummi sayen fatar ganga, ya biyo ta rumfata ya ji. Ya zauna a kan benci, yatsunsa suna bugun gwiwarsa. Da kaset ya ƙare ya ce, "Bawa, maido." Na maido. Har la'asar yana nan. Ya tafi da kwafi ɗaya, ya manta da fatar da ya saya a ƙarƙashin bencina, sai da na aika masa da ita.

Bayan kaka aka ji masu jita za su yi wasa a Sakkwato. Ni ban samu zuwa ba, matata tana kan gwiwa a lokacin. Shi ya je. Da ya dawo ya sauka a wurina kafin ya wuce gida, da jita a cikin buhu, tsohuwa, an ɗaure wuyanta da waya. Ya ba ni labarin filin, da yawan mutane, da yadda babban mai jitar yake rufe ido in yana kaɗawa, da yadda 'yan mata da tsofaffi da sojoji duk suka tashi tsaye.

Ya ce, "Bawa, mu wasa muka yi. Mu sai an yi noma a kira mu, sai an yi suna a kira mu. Su kau mutane ka biyo su. Ba su roƙon kowa."

Na ce, "Kawu fa?"

Ya ce, "Baba ya yi nashi zamani."

Ina wurin ranar da ya kunna wa Kawu kaset ɗin, don na je gaishe su. Muna zaune a zaure da hantsi. Kawu ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye, ƙafarsa ma na ga tana ɗan motsi. Da aka gama ya ce, "Sun iya. Mai gangar ga ya san hannu nai." Sannan ya ce, "Amma wanga kiɗi bai duban bayan kowa. Gudu nai yaka yi. Wa ka noma da shi?"

Tobashina ya ce, "Baba, ba don noma anka yi shi ba."

"To don mi?"

"Don a ji daɗi."

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce to. Bai yi faɗa ba, bai hana shi ba. Da damina ta kama, tobashina ya yi masa amshi kamar kullum. Da aka yi girbi ya kwashe matarsa ya koma Anka, inda ya samu wasu samari masu irin ra'ayinsa, ɗaya ma'aikacin ƙaramar hukuma ne mai fiyano, ɗaya makaniken babur da ya haɗa jerin ganguna da hannunsa. Suka sayi rawani da tabarau.

Ba su kaɗai ba ne. A cikin 'yan shekaru kowane gari ya samu nasa masu jitar. Akwai na Gummi, akwai na Bukkuyum, har ƙauyukan da ba su da wuta sai da aka samu masu hayar janareto. Duka kuma abu ɗaya suke yi: jita ta fara ita kaɗai, tafi ya shigo, takin raƙumi ya faɗo, a ƙara wuta a tsaya cak. Ni da nake zaune a rumfar kaset na ga yadda abin ya bi ko'ina kamar ruwa a fadama. Masu kalangu na mahauta suka koma matse kalangunsu yana kwaikwayon kukan jita. Mawaƙan 'yan siyasa suka ɗauki takin suka ɗora sunayen 'yan takara. Matan da ke kiɗan ƙwarya a cikin gida ranar biki, na ji da kunnena ta bayan katanga, sun koma wannan gudun. Har ɗaliban Islamiyya da ke rera yabo ranar saukar karatu, malaminsu yana wa'azi a kan haramcin jita, amma karin da suke rerawa na masu jita ne, shi bai sani ba su ma ba su sani ba. Waƙoƙi suka gajarce. Amshi ya ragu, don kowa tare yake tashi. Kirarin kakanni ya fita, don babu wurin da za a sa shi a cikin wannan saurin.

Kaset ɗin Kawu suka daina fita. Tsofaffi kan tambaya jefi-jefi, su ma yawanci su saurara ne a rumfa su tafi. Na sauke su daga kanta na zuba a kwali, na kai gida na tura ƙarƙashin gado.

Gayyar ƙarshe da na ga Kawu ya yi, a gonar wani mai unguwa ce kusa da ƙauyensu. Na je da rikoda bisa al'ada. 'Yan amshinsa sun ragu. Mai kazagi yana nan, tsoho kamarsa, sai wasu mutum biyu. Aka fara lafiya. Can wajen tsakiyar gona wani saurayi ya miƙe, ya dafa galmarsa ya ce, "Baba, a ɗan sa muna wuta mana. Irin na masu jita." Sauran suka yi dariya suka goyi bayansa. Ba da raini suka faɗa ba, abin da kunnensu ya saba da shi suke so.

Kawu ya dubi mai kazagi. Sannan ya juya gula, sandar kiɗan, a hannunsa ya kama takin raƙumin nan, ya kuma kama shi daidai, don babu kiɗan da zai ji ya kasa. Samari suka yi sowa suka duƙa. Kunya ɗaya, biyu, suna gudu. A ta uku galma ta fara karo da galma, wani ya sari gefen ƙafarsa, layin ya wargaje, wasu suka zube a gindin marke suna haki. Rana ko tsaka ba ta yi ba. Kawu ya tsaya yana jiran su tashi ya mayar da su kan nasa kiɗan, amma wani ya riga ya kunna rediyo a inuwa, suka kewaye ta suna shan fura. Gonar ba a gama ta ranar ba. A hanyar komawa na karɓi gangar zan ɗaukar masa, ya ce in bari, ba ta yi masa nauyi ba tukuna.

Bayan wannan sai gayyar kanta ta ja baya. Aka samu maganin feshi, aka samu 'yan ƙwadago, sannan zinari ya fito. Samarin da za su yi noma suka koma ramuka a dajin Anka da Bukkuyum. Sauran 'yan amshin Kawu biyun nan ma can suka tafi. Ɗaya ya zauna a ƙauyen 'Yargalma yana niƙan dutse a cikin gida kamar yadda kowa yake yi a lokacin, gubar dalma ta kashe masa 'ya'ya, bai ƙara buɗe baki da waƙa ba. Ɗayan ban san inda ya ƙare ba.

Tobashina kuwa ya samu shekarunsa masu kyau, ba zan ɓoye ba. An san su daga Anka har Talatar Mafara. Masu zinari suna kiran su, 'yan siyasa suna kiran su. Ya sayi babur, ya yi wa Kawu rufin kwano, ya kai shi asibiti da idonsa ya yi yana. In ya zo Gummi sai ya tsaya a bakin rumfata ya danna oda ya ce, "Bawa, fito ka goge wa ubangidanka babur." Na yi ta sayar da kaset ɗinsu. In ka rufe ido ba za ka bambance su da masu jitar asali ba, kuma a lokacin wannan yabo ne.

Abin da ya fara karya su fiyano ne. Aka kawo wata sabuwa wadda takin raƙumin yake cikinta a ajiye, maɓalli ɗaya za ka danna ya fito, da tafin da komai. Mutum ɗaya a ɗaki da kwamfuta sai ya yi abin da su duka suke yi, ya gyara muryar da ba ta da daɗi ta yi zaƙi. Masu biki suka ga ya fi sauƙi a kira mai lasifika ya saka waƙa daga waya. Makaniken ya koma garejinsa. Mai fiyano ya buɗe situdiyo, ya riƙa kiran tobashina jefi-jefi ya sa murya. Su kansu masu jitar asali muka ji sun watse, wai babbansu ya tafi Turai, mai gangunan ya rasu. Ni ma kaset ya mutu a hannuna, na koma tura waƙoƙi a memori da cajin waya.

Sannan daji ya lalace. Wannan ba sai na ba kowa labarinsa ba, duk wanda ke ƙasar nan yana da nasa. Taro ya zama abin tsoro. Biki ya koma ɗaurin aure da safe, a watse kafin azahar. Gonakin nesa aka bar su. Samarin Fulanin da ke jingina a bakin rumfata, waɗanda na san iyayensu, wasu an kore su, wasu an kashe, wasu sun shiga daji, waɗanda suka rage kuma ba sa iya shigowa kasuwa da sakin jiki. Ƙauyen su Kawu aka tashe shi. Suka iso Gummi da rana tsaka a bayan wata motar itace, shi da matarsa da jikoki da 'yan tukwane. Gangar tana kan cinyarsa.

Inna ta ba shi ɗakin da ke kusa da nata. Na yi niyyar in zaunar da shi in ɗauki waƙoƙinsa a waya, tunda yanzu ga shi a gida, kuma ya yarda, ya ce in bari ya huta gajiya. Bai huta ba. Wata safiya ya tashi alwala ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun ya mutu, harshen ya karye. Ya yi kusan shekara biyu a haka. Yana gane kowa, yana cin tuwo da hagu, in an yi magana yana bi da ido. Wani lokaci in na zauna kusa da shi sai in ga yatsun hagunsa suna motsi a kan tabarma, in kasa kunne, amma tabarma ba ta ƙara.

A cikin wannan zaman ne gulbi ya cika ya shigo gari. Ruwa ya kai mana gwiwa a cikin ɗaki. Muka ɗauko Kawu a kan ƙyauren ƙofa muka fitar da shi, muka fitar da yara da buhunan abinci, gangar ma wani ya ɗora ta a kan katanga. Kwalin da ke ƙarƙashin gado babu wanda ya tuna da shi sai da ruwa ya janye. Na buɗe na tarar da laka. Na wanke kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, na shanya a inuwa, na nemo tsohuwar rikoda wurin wani mai gyara. Zaren ya manne da juna. Wanda ya yarda ya juya, sai wani gurnani yake fitarwa kamar ana magana a cikin rijiya. Na bi mutanen da nake tunawa sun taɓa saye, kowa ya ce ai tun tuni yara suka warware zaren suka yi wasa da shi.

Kawu ya rasu da sanyin safiya, bayan ƙaramar salla. Tobashina ya zo daga Anka, ya yi zaman makoki, ya koma. A lokacin kabu-kabu yake yi da babur ɗin nan, jitar tana rataye a ɗakinsa babu tsirkiya.

Bayan 'yan watanni ya kira ni ya ce zai zo, in tanadi waya mai sarari. Ya ce waƙoƙin Baba suna damunsa, yana kan babur sai ya ji baiti ya taso masa, yana so a ɗauka kafin su gudu. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce ai shi ne ya yi amshinsu tun yana yaro, in akwai mai su a duniya shi ne.

Ya iso da hantsi. Muka sauko da gangar, ya shafa mata mai, ya ja tsirkiyoyin, ya ɗan gasa fatar a rana. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa a faifai. Ya rataya gangar, ya yi bisimilla, na danna waya.

Ya ɗauko waƙar da Kawu yake buɗe gayya da ita. Muryar tana nan, ta ɗan dushe amma tana nan. Kalmomin ma sun zo, da sunayen gonaki da na mutanen da suka daɗe a ƙasa. Ni dai na ce a raina an samu. Ya kai ƙarshe ya tsaya yana murmushi.

Inna ba ta ɗago daga faifai ba ta ce, "Wagga ba waƙar Yaya ba ta."

Ya ce, "Gwaggo, ita ta. Wadda yaka farawa da ita."

"Maganar ita ta. Amma ba haka yaka tafiya da ita ba. Kai gudu kaka yi."

Muka saurari abin da na ɗauka. Da gaskiyarta. Ya fara a hankali, amma kafin baiti na uku hannun ya zame ya koma takin raƙumi, kuma a ƙarshe ya ƙara wuta ya tsaya cak. Ni da nake zaune a gabansa ban lura ba, don kunnena ma ya zama irin nasa.

Ya ce a sake. Ya sassauta, yana ƙirga bugun da ƙafa. Wannan karon bai yi gudu ba, amma abin ya fito a sandare, kalmomin ba su zauna a kan bugun ba, kamar an sa wa mutum rigar wani. Ya tsaya da kansa. Ya sake. Ya sake. Duk inda ya saki jiki sai hannun ya koma inda ya saba, duk inda ya kame sai waƙar ta mutu. Gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ce, "Gwaggo, to ke gwada mani yadda yaka yi."

Inna ta ajiye faifai. Ta buɗe baki ta ja layi ɗaya da 'yar muryarta, ta tsaya. Ta tafa hannu sau biyu, ta girgiza kai. Ta ce, "Ni ban taɓa riƙa gula ba, ɗana. Daga bayan danni nika jiyo shi in mun kai fura. In an yi daidai ina sani, in ba a yi ba ina sani. Amma ban iya yi."

Ya zauna a kan turmi da gangar a cinyarsa. Can ya ce, "Bawa, ko da na tuna, wa zan kallo? Baba bayan mutane yaka kallo. Nan babu kowa sai kai da waya." Ya yi 'yar dariya.

Muka yi shawarar neman mai kazagi, don in yana raye hannunsa zai tuna. Aka ce yana Bukkuyum wurin 'yarsa. Hanyar ba ta biyuwa a lokacin, muka jira. Da ta ɗan lafa na samu wani direba na ba shi saƙo. Ya dawo ya ce ya same shi, amma tsohon ya kurumce, hankalinsa kuma ya tafi, ko 'yarsa ba kullum yake gane ta ba.

Tobashina ya bar gangar a wurina, ya ce ɗakinsa na haya ba shi da wuri. Tana nan a rataye a zaure.

Har yanzu ina bakin tasha, ina tura waƙoƙi a waya. Duk abin da ke fitowa sabo, na soyayya ne ko na siyasa ko na yabo, in ka kasa kunne za ka ji takin nan a ƙarƙashinsa. Yaran da ke yin waƙoƙin ba su taɓa jin labarin masu jita ba. Kwanakin baya wani malamin makaranta ya zo, matashi mai hankali, ya ce za su yi ranar al'adu, in tura masa kiɗan gargajiya na ƙasarmu, na asali, wanda babu fiyano. Na tambaye shi kamar wane iri. Ya buga mini da yatsu a kan tebur. Takin raƙumi ne. Na tura masa tsofaffin waƙoƙin su tobashina, ya saurara, ya ce madalla, irin na kakanni ke nan.

Bara aka yi sunan jikata, tobashina ya zo. Da aka ci abinci mata suka matsa masa sai ya taɓa gangar, ko kaɗan ne, tunda ƙofa a rufe take kuma da rana ne. Ya ɗauko ta ya yi waƙar buɗe gayyar nan, yadda hannunsa ya ba shi. Mata suka yi guɗa, yara suka yi rawa. Inna tana zaune a kan kujerarta, ta tsufa sosai yanzu, tana kallo.

Da mutane suka ragu na kai mata ruwa, na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, yau ya yi daidai ke nan? Na ga ba ki ce komai ba."

Ta karɓi kofin ta sha. Ta ce, "Ban sani ba. Da ina jin ta Yaya cikin kaina, in aza wagga bisa waccan in ga inda ta kauce. Yanzu in na nemo ta, wagga ka zo mani."

Tobashina ya leƙo daga zaure ya ce zai kama hanya, yana so ya shiga Anka kafin la'asar. Na raka shi bakin titi, ya tayar da babur ya tafi.